Shafi Biyu a Fuska Ɗaya: Wace Hanya Ce Ta Fi?



Wata ƙanwarmu 'yar aji biyar ce ta aiko mana da koke daga Haɗeja. Malamin labarin ƙasa ya ba su aikin gida a kan yawan jama'ar Najeriya. Ta ari wayar yayanta, ta buɗe shafin intanet na farko ta ga wani adadi, ta leƙa na biyu ta ga wani daban. Da ta koma na farkon sai wayar ta shiga loda shi daga tushe, data na zurarewa, ga yaya a tsaye a kanta yana jiran wayarsa. A cikin wannan gaggawa ta kwafi adadin shafi guda, ta liƙa masa shekarar da ta gani a ɗaya shafin. Malam kuwa bai yi wata-wata ba ya ja mata jan biro. Tambayarta ita ce, shin babu yadda mutum zai ga shafi biyu a lokaci guda, kamar yadda ake shimfiɗa littafi biyu a kan tabarma?

Kafin mu amsa, bari mu wanke shafukan nan biyu, don da alama babu wanda ya yi mata ƙarya. Ƙidayar da aka yi a 2006 ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai. Adadin da ya haura miliyan 200 da ake gani a wasu shafukan kuwa ƙiyasi ne na shekarun baya-bayan nan. Da shafukan suna gefe da gefe a gabanta, da idonta ya kama wannan bambanci tun kafin ta ɗauki biro. Zuciya tana riƙe adadi ta saki shekara, musamman in ana hanzari.

Hanyoyin yin hakan suna da ɗan dama, mun kuma zauna mun gwada su ɗaya bayan ɗaya. Za mu fara da waya, tunda ita ce ta fi kusa da hannun yawancinku.

Tun daga Android 7, wanda ya fito a 2016, ana iya raba fuskar waya gida biyu. A taɓa madannin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, a latsa ɗan tambarin manhajar da ke saman hotonta, sai a zaɓi inda aka rubuta Split screen. Manhajar za ta koma sama, a zaɓi ta biyu ta zauna a ƙasa. Wurin da madannin yake yakan ɗan sauya daga wannan waya zuwa waccan, amma hanyar kusan ɗaya ce. Inda ake samun cikas shi ne, waya manhaja biyu ta saba rabawa, ku kuma shafi biyu kuke so. Dabarar da ta fi mana sauƙi ita ce a ajiye burauza biyu a wayar, a buɗe shafi guda a Chrome, ɗayan a Firefox ko Opera Mini. Shi ke nan, kowa da ɗakinsa.

To, amma fa fuskar waya ba ta da yalwa. Da kun raba ta, kowane shafi layi bakwai ko takwas zai nuna muku. In kuka taɓa wurin rubutu kuwa, allon haruffa zai taso ya cinye kusan rabin fuskar, ku koma leƙen shafukan kamar mai leƙen gidan biki ta kafar ƙyaure. Kwantar da wayar a gicciye yana ɗan taimakawa wajen duba jadawali. Mu dai a wurinmu, wannan hanya ta karatu ce da kwafa a littafi da biro. Wanda zai buga dogon rubutu, gara ya nemi kwamfuta.

Ba kuma kowace waya ke da wannan dama ba. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke ɗauke da Android Go galibi an cire musu ita, domin ma'adanarsu ta wucin gadi, wadda ake kira RAM, ƙarama ce. Wannan ƙarancin ne ma ya sa wayar yayan ƙanwarmu ta riƙa sake loda shafi. Idan wuri ya ƙure mata, sai ta zubar da shafin da ba a kallo, in an dawo ta sake ɗebo shi da sabuwar data. iPhone ma, duk tsadarta, ba ta raba fuska tsakanin manhaja biyu, sai dai iPad, wadda ta samu hakan tun 2015. Wanda wayarsa ta ƙi, ya ɗauki hoton fuskar shafi na farko, da adadin da shekarar duka a ciki, sannan ya buɗe na biyu. Hoto ba ya cin data, ba ya kuma ɓacewa. A wayoyin da ke da madannai uku a ƙasa, taɓa madannin manhajojin kwanan nan sau biyu da sauri yana mayar da mutum manhajar da ya baro. Da babu gara ba daɗi.

A kwamfuta kuwa abin ya fi armashi, kuma hanyar da muka fi yabawa ita ce wadda ba a sauke komai dominta. Windows tana da ita tun Windows 7 na shekarar 2009, amma sau da yawa mukan tarar da ɗalibai a ɗakin kwamfuta suna ta jan gefen taga da maus, suna aune-aune kamar tela. Ku dubi 'yan kunnuwan nan da ke jere a saman burauza, waɗanda ake kira tab. Ku kama guda da maus ku ja shi ƙasa, zai rabu ya zama taga mai zaman kanta. Sai ku danne madanni mai tambarin Windows tare da kibiyar hagu, tagar za ta mallaki rabin hagu cif. Ku koma ɗaya tagar ku yi hakan da kibiyar dama. A Windows 11, wadda ta fito a 2021, danna madannin Windows da harafin Z yana fito da zanen rabe-rabe iri-iri, mutum ya zaɓi wanda ya yi masa.

Abin da ya sa muka ɗora ta a gaba shi ne ba ta zaɓen abokin zama. Shafin intanet a hagu, Word a dama. Ko tsoffin tambayoyin jarrabawa a hagu, littafin darasi a dama. Tana aiki da kowace burauza, a kwamfutar makaranta da aka hana ɗora sabuwar manhaja, da ta shagon intanet inda ake ƙirga muku minti. Aibinta shi ne kowace taga tana zuwa da rawaninta, wato jerin tab da layin adireshi, su tauye wuri. Sai dai za ku ga nan gaba cewa ganin adireshi biyu a fili yana da ranarsa.

Burauzar Edge, wadda ke zuwa tare da Windows 10 da 11, ta samu nata tsarin raba fuska a 2023. Ita a cikin tab guda take zaunar da shafi biyu, da ɗan shinge a tsakiya da ake iya ja hagu ko dama. Akwai abu ɗaya da ta fi sauran da shi. Ana iya saita ta yadda duk mahaɗin da aka latsa a hagu zai buɗe a dama. Ke nan sakamakon bincikenku yana nan zaune a hagu, kuna latsawa ɗaya bayan ɗaya, shafukan suna sauyawa a dama, babu komawa baya balle a ɓata. Ga mai haɗa bayanan muhawara ko aikin gida, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Iyakarta shafi biyu.

Mai son fiye da biyu sai ya nemi Vivaldi. Wannan burauza ta fito a 2016 daga wani kamfani da ke Oslo a ƙasar Norway, wanda Jon von Tetzchner, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Opera, ya kafa. A cikinta ana danne Ctrl a zaɓi tab uku ko huɗu, a umarce ta ta jera su a tsaye, ko a kwance, ko gida-gida kamar dara. Ranar da muka fara gwadawa abin ya burge mu, har muka jera huɗu muna jin kanmu kamar masu tsaron filin jirgin sama. Ba a jima ba ido ya fara yaji. Tsohuwar laftof ɗinmu irin wadda faɗin fuskarta ɗigo 1366 ne, tsawonta 768. In an raba biyu, kowane shafi ya samu faɗin 683, ana iya karatu. In an raba huɗu, tsawon ma ya rabe, kowane shafi ya koma kamar katin waya. Ga fankar kwamfutar ta kama kuka, domin shafi huɗu a buɗe aiki huɗu ne. Vivaldi kayan aiki ce mai kyau ga mai faffaɗar fuska da wadatacciyar RAM. Ga ɗalibin da zai sayi data ya sauke ta don aikin gida ɗaya, ba mu ga riba ba.

Saura biyu, su kuma gargaɗi za mu yi a kansu. Akwai ƙananan manhajoji da ake maƙala wa burauza don su raba fuska. Wasu na ƙwarai ne, amma da yawa kafin su fara aiki sai sun nemi izinin karanta abin da ke cikin duk shafin da kuka buɗe. Me zai sa ku ba baƙo makullin ɗaki saboda aikin da madanni biyu ke yi kyauta? Akwai kuma shafukan da ke cewa ku zuba musu adireshi biyu ko uku su nuna muku su a cikin akwatuna. Gwajinmu bai yi nisa ba, akwatunan suka fito fari fat. Dalili kuwa, manyan shafuka irin su Google da Facebook sun hana a cusa su a cikin wani shafin, domin 'yan damfara kan yi amfani da wannan hanya su sa mutum ya latsa abin da bai yi niyya ba. Ko da ya buɗe, kada ku kuskura ku rubuta kalmar sirrinku a cikin irin wannan akwati.

'Yan aji shida, ku matso kusa, nan ne maganar ta fi shafarku. Lokacin rajistar JAMB saƙonni kan yi ta yawo a WhatsApp, wannan ya ce a latsa nan a duba sakamako, wancan ya ce a latsa can a ƙara maki. Shafin bogi yakan kwaikwayi launi da tambarin na gaske har ya ruɗi babba. Abin da ba ya iya kwaikwaya shi ne adireshi. Ku buɗe taga guda ku rubuta jamb.gov.ng da hannunku, ku ajiye adireshin da aka turo muku a gefensa, ku bi su harafi bayan harafi. Ƙarshen nan na gov.ng na hukumomin gwamnatin Najeriya ne. In wanda aka turo ya ƙare da wani abu daban, ko aka cusa masa ƙarin kalma, ku rufe shi, kada ku ba shi lambar rajista balle ta katin banki. Haka nan wajen zaɓen darussa huɗu na jarrabawar, waɗanda Turanci dole ne a cikinsu. Ku ajiye bayanin JAMB a hagu, sharuɗɗan jami'ar da kuke so a dama. Kuskuren darasi ɗaya yana iya sa a hana mutum kwas ɗin da yake so ko da makinsa ya kai, ya zauna jiran wata shekara.

Mun san halinku fa. Wani yana karanta wannan yana lissafin yadda zai sa littafin kimiyya a sama, wasan ƙwallo ko fim ɗin Kannywood a ƙasa. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma bidiyo zai lashe datar mako guda kafin a gama babi ɗaya. In kuna son abin da zai cika rabin fuskar da amfani, ku buɗe maudu'i ɗaya a Wikipedia ta Hausa da ta Turanci. Ku dai sani ba lallai ɗaya ta zama fassarar ɗaya ba, domin 'yan sa-kai daban-daban ne ke rubuta su. Inda suka dace za ku tsinci sababbin kalmomin Turanci ba tare da ƙamus ba. Inda suka saɓa, ku kai wa malami tambaya.

Ke kuma ƙanwarmu ta Haɗeja, ki fara duba ko wayar yayanki tana raba fuska. In tana yi, ki roƙe shi ya bar ki ki ɗora burauza ta biyu. In ba ta yi, hoton fuska da littafin rubutu sun ishe ki, ki riƙa rubuta adadi da shekararsa da sunan shafin a layi ɗaya. Ranar da aka shiga ɗakin kwamfuta kuma, madannin Windows da kibiya.

Ga aikin wannan mako ga kowa da kowa. An cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Ku nemo shafi biyu da ke bayani a kan kowace jiha kuke, ku jera su gefe da gefe ta hanyar da ta samu, ku duba shekarar da aka kafa ta da yawan ƙananan hukumominta. Wanda ya kama saɓani ya rubuto mana abin da ya gani, da hanyar da ya bi, da irin wayar ko kwamfutar da ya yi aiki da ita. Za mu buga waɗanda suka fi ma'ana a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.