Ɗan Manunin Da Ke Ƙyafta Ido A Allon Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malam yana bin baƙi da tsinke don kada ido ya tsallake harafi, ba zai raina ɗan manunin nan mai ƙyaftawa a allon kwamfuta ba, wanda aikinsa shi ne ya nuna wa marubuci inda harafinsa na gaba zai sauka. Ra'ayina kuwa, ko da wasu za su ce na ɗauki allura na mai da ita garma, shi ne magabatan wannan fanni sun fi na yanzu yi wa ido adalci a sha'anin siffarsa.

Sa'ad da kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, ya ɗora zanen manunin a kan wata 'yar na'ura ta kamfanin Motorola mai lamba 6845, wadda ba ta bukatar kome face lambobi biyu: layin da manunin zai fara, da layin da zai ƙare. Kowane harafi yana da gidansa, gidan kuwa siraran layuka ne jere, guda 14 a allo mai launi ɗaya, guda 8 a mai launuka. Idan aka ce wa mai launukan ya fara daga 6 ya tsaya a 7, sai manunin ya kwanta ƙarƙashin harafi tamkar wasalin kasra. In kuwa aka ce daga 0 zuwa 7, sai ya cika gidan fal kamar tubali.

Hikimar da ke ciki ita ce siffar tana ɗauke da ma'ana, domin shirye-shiryen rubutu da yawa sukan sauya kaurin manunin gwargwadon halin da ake ciki, ta yadda mutum, tun bai taɓa maɓalli ba, ya san ko harafinsa zai kutsa tsakanin 'yan'uwansa ne, ko kuwa zai danne na gabansa ya shafe shi. Da kwamfutocin tafi-da-gidanka suka zo da allonsu mai dishi-dishi, inda siririn manuni kan ɓace kamar ƙwayar gero a rairayi, waɗannan lambobi biyu ne suka fid da mutane kunya.

Ban jahilci hujjar masu musu ba. Lalle sai mai ɗan ilmin tsara umarni ke iya taɓa lambobin, kuma sau da yawa wani shiri kan mayar da manunin yadda ya so ba da izinin kowa ba. Ga shi kuma Windows ta yau tana da wurin ƙara masa kauri. Amma an binne wurin can cikin saituttuka, inda dattijon da idonsa ya raunana, wanda shi ne mafi bukata, ba kasafai yake kaiwa ba, sai dai ka gan shi ya gyara tabarau, ya matso da fuska kusa da allo, yana laluben wani tsayayyen zare da bai kai kaurin gashin gira ba.