Igiyar Caja: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A makon nan zan ɗan kauce wa batun siyasa, in yi magana a kan wani ƙaramin abu da kusan kowannenmu ke taɓawa kullum, amma ba kasafai muke duban sa da idon basira ba, wato igiyar cajin waya.

Kwanakin baya ɗaurin aure ya kai ni Gwarzo. Da na bi titin nan da ya tashi daga Kano ya wuce ta Rimin Gado, sai na ratse wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kabo domin in gaida goggona. Bayan mun gaisa, ta miƙo mini wayarta, ta ce: "Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mini wannan abu. Sau biyu ana sauya mata batir, amma har yau ba ta riƙe wuta." Na karɓa, sai na ga an naɗe igiyar caja a jikin wayar, an ɗaure da kyauro domin bakin igiyar ya karkata gefe guda. Jikanta ya yi mini bayani cewa idan ba a ɗaure haka ba, ba ta kamawa.

Abin da ya sa ta damu ba ƙarami ba ne. Wani dare naƙuda ta kama surukarta, maigidan kuma yana can wurin neman kuɗi a Kudu. Wayar ta yini jone da ƙaramar solar gidan, kowa ya ɗauka ta cika. Da aka ɗauko za a kira mai mota, sai aka tarar a mace take. Da ƙafa aka tura yaro cikin duhu ya taso mai motar daga barci. Allah Ya kiyaye, an sauka lafiya, amma goggo ta ce ba za ta manta da tsawon wannan dare ba.

Na ciro tawa igiyar daga jaka na jona mata, ba kyauro ba dabara, nan take wayar ta soma shan caji. Ashe lafiyar batir ƙalau tun farko. Kuɗin batir biyu sun tafi a banza, alhali mai laifin tana nan naɗe a jikin wayar. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Domin mu gane yadda hakan ke faruwa, ya kamata mu san abin da ke cikin igiyar. Igiyar USB irin ta da tana ɗauke da layuka huɗu: biyu na kai wuta, biyu na kai bayanai. Kowane layi tarin silin jan ƙarfe ne, sirara kamar gashi. Duk lokacin da aka lanƙwasa igiyar, musamman a wuyanta inda ta haɗu da baki, wasu daga cikin silin suna karyewa. Ba sa tsinkewa gaba ɗaya a rana guda. Ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, har a wayi gari 'yan kaɗan ne ke ɗaukar nauyin da aka raba wa masu yawa. Haka nan ƙananan haƙoran da ke cikin bakin igiyar, biyar a irin micro-USB, har ashirin da huɗu a cikakken bakin USB-C, suna saki, suna datti, suna tsatsa.

Duk inda haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ta yi rauni, wuta tana gamuwa da turjiya, kamar yadda ruwa ke cijewa a inda kwata ta ƙuntata. Ga ɗan lissafi ga ɗalibanmu na kimiyya. Caja ta yau da kullum tana fitar da bolt 5. A ce waya tana jan amfiya 2, kuma akwai turjiyar rabin om a wurin da ya saki. Bolt 1 cur zai salwanta a wannan wuri, saura 4 su isa ga wayar, ita kuwa da ta ga ƙarfin ya faɗi sai ta rage abin da take ja, ko ta daina gaba ɗaya. Wutar da ta salwanta ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama: wat 2 a wurin da bai fi ƙwayar dawa girma ba. Saboda haka igiya mai rauni laifi biyu take yi, tana hana waya cika, tana kuma gasa kanta a hankali.

To, yaya mutum zai gane? Ba ya buƙatar digiri. Ido da hannu da hanci da kunne sun isa su yi mafi yawan aikin.

A fara da ido. A dubi wuyan igiyar ta ɓangarorin biyu: kumburi, tsagewa, ko wurin da ya yi laushi fiye da sauran, duk alamu ne na karaya a ciki. A haska cikin bakin da tocila. Baƙi-baƙi alamar ƙuna ce, kore-kore alamar tsatsa ce da laimar damina ke kawowa. Sannan a leƙa ramin cajin wayar. A ƙasarmu ta hunturu, ƙura da zaren aljihu suna taruwa a can ciki su danƙare, su hana bakin igiya shiga har ƙarshe. A kashe wayar, a sa tsinken sakace na itace a ciro dattin a hankali. Kada a kusanto da allura ko wani ƙarfe.

Sai hannu. A jona wayar, a zuba wa alamar caji ido. A riƙe bakin igiyar kam kada ya motsa, a lanƙwasa igiyar kaɗan a wuyanta, sannan a bi tsawonta. Idan alamar ta ɗauke ta dawo, karayar tana cikin igiya. Idan kuwa ba ta ɗauke ba sai lokacin da aka motsa bakin shi kansa, to matsalar tana tsakanin bakin da ramin wayar. Bayan minti goma a taɓa bakin. Ɗumi kaɗan a jikin kan caja ba abin damuwa ba ne, amma bakin igiya da ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, ya gama aiki. Hanci kuma idan ya jiyo ƙaurin roba, ko kunne ya ji ƙarar tartsatsi daga soket, a cire nan take, babu jira.

Gwaji mafi inganci shi ne musaya, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya. A sauya igiya kaɗai, a bar kan caja da waya da soket yadda suke. In ba a ga sauyi ba, a mayar da ita a sauya kan caja. Wanda ya sauya komai lokaci guda ba zai taɓa sanin mai laifi ba. Da mai gyaran da goggo ta je wa ya yi wannan gwaji na minti biyu, da bai taɓa batirinta ba.

Da na isa Gwarzo, na ba wani matashi mai gyaran waya wannan labari. Ya yi murmushi, ya ciro wata 'yar mita da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda ake jonawa tsakanin kan caja da igiya ta nuna bolt da amfiya. Ya gwada igiyoyi biyu sababbi fil a waya ɗaya, sai ga ɗaya tana kai kusan rabin abin da 'yar'uwarta ke kaiwa. Ya ce: "Yallaɓai, ai wata tun daga kwali ba ta da lafiya." Gaskiya ya faɗa. Akwai masu ƙera igiya da ke rage kaurin silin, ko su sa alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda bai kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, ga saurin karyewa. Araha ba ta ado.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar ƙauye ce kawai. A shekarar 2015 wani injiniyan kamfanin Google mai suna Benson Leung ya shiga gwada igiyoyin USB-C da ake sayarwa a Amazon, yana fallasa waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa layukanta a baibai ta lalata masa kwamfuta, kuma a cikin shekarar Amazon ya haramta sayar da igiyoyin USB-C da suka saɓa wa ƙa'ida. Idan haka ta faru da injiniya a Amurka, ina ga tsohuwar da aka sayo wa igiya a kan tire ranar kasuwa?

Akwai wani haɗari da ya fi na igiyar, shi ne na soket. Soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, amma cajoji da yawa masu ƙafa biyu ne, sai a cusa su da ƙarfi su tsaya suna lilo. A nan ba maganar bolt 5 ake yi ba, wutar gida bolt 230 ce. Haɗuwa mai rauni a wannan wuri tana haifar da tartsatsi da narkewar roba. A haɗa wannan da ɗabi'armu ta jona waya a kan katifa ko ƙarƙashin matashi a kwanta, domin ba a san lokacin da za a kawo wuta ba. Masu shagon cajin waya, waɗanda ke jera gomman cajoji a kan allon katako kusa da janareta da jarkar fetur, su ya fi kamata su riƙa bin kayansu da hannu suna taɓawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kyauron nan. Mun saba da lallaɓa abin da ya lalace maimakon mu binciki inda ya lalace. A jingina waya da littafi, a danne igiya da dutse, a ce ai tana yi. Alhali duk lallaɓawar da aka yi, ƙara buɗa ramin wayar take, har gyaran da sabuwar igiya za ta wadatar ya koma sauya ramin caji ko sayen wata waya. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 ta tashi daga kayan ado ta zama banki, ta zama aji, ta zama hanyar kiran agaji. Abin da ke ciyar da ita wuta bai cancanci raini ba.

Ina kira ga masu gyaran waya, daga Farm Centre a Kano har zuwa rumfunan Gwarzo da Kabo, su ji tsoron Allah su fara gwada igiya kafin su buɗe wayar mutum. Hukumar SON, wadda aka ɗora wa alhakin kula da ingancin kayayyaki, ta tuna cewa ƙananan kaya ma kaya ne. Malaman kimiyya a sakandarenmu kuma ga darasi a aljihun kowane ɗalibi: dokar Ohm ba ta allo ce kaɗai ba. Mu kuma masu saye, mu nemi a gwada mana kafin mu biya, mu riƙa kama baki idan za mu cire maimakon fizgar igiya, kuma wadda ta fara zafi a yanke ta a jefar, kada a bar wa yara.

Na bar wa goggo igiyata, na taho da tata da kyauronta. Tana nan a kan teburina, tana tuna mini cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Allah Ya kare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.