Cinikin biri a sama: jan kunne kan hannun jarin man teku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki kuma ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa musulmi, idan wayarka tana karɓar saƙonni to da wuya irin wannan bai iso gare ka ba. Wai ga wani kamfani yana haƙar rijiyar mai a cikin teku, sakamako na gab da fita, wanda ya sayi hannun jarinsa yau zai ninka kuɗinsa kafin wata ya kama. Ko kuma wai ga kamfani mai jiragen ruwa da ke yi wa masu haƙar hidima, shi ba ruwansa da a samu mai ko a rasa, hayarsa yake karɓa. A ƙarƙashin saƙon akwai hoton wani jan layi da ya miƙe sama, da kalmar halal. Wanda ya turo maka mai yiwuwa sahu ɗaya kuke tsayawa da asuba. Saboda shi da kai nake wannan rubutu.

Mu fara da adalci. Mallakar hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce ba laifi ba ne. Tarayya ce, kuma musulmi sun san tarayya da ƙirali tun kafin a gina kasuwar Landan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi bisa sharuɗɗa. Haƙar mai sana'a ce, tuƙin jirgi sana'a ne. Wanda ya ce maka duk hannun jari haram ne ya ƙuntata abin da yake da faɗi. Amma abin da ake kiran ka zuwa gare shi a waɗannan saƙonni wani abu ne dabam, sunan kawai ya ara.

Ka san abin da kake saye kuwa? Kamfanin neman mai a teku yakan fara da takardar izini daga wata gwamnati da hoton ƙarƙashin ƙasa da na'ura ta ɗauko. Daga nan ya yi hayar injin haƙa, wanda hayarsa ta yini guda takan kai dalar Amurka dubu ɗaruruwa. Rijiya ɗaya a ruwa mai zurfi tana iya cinye sama da dala miliyan 100, kuma mafi yawan rijiyoyin gwaji a sabon wuri ba sa fitar da man da zai biya kuɗin fitar da shi. Ƙaramin kamfani irin wannan ba ya sayar da ko ganga ɗaya, don haka ba shi da kuɗin shiga. Idan asusunsa ya ƙare sai ya buga sabbin hannayen jari ya sayar, rabonka ya ƙara ƙanƙancewa kana zaune. Farashinsa a kasuwa ba ya hawa da abin da ya samar, da labari yake hawa, da labari yake sauka.

Ga abin da ya faru, ba almara ba. A ranar 2 ga Disamba 2010, wani kamfanin Ingila mai suna Desire Petroleum ya sanar cewa ya samu mai a tekun tsibiran Fokland, kusa da Ajantina. Mutane suka yi rububin saye, farashi ya tashi. Bayan kwana huɗu kamfanin ya dawo ya ce bincike ya nuna abin da ke cikin rijiyar mafi yawansa ruwa ne. A yini guda farashin ya zube da kusan rabi. Wanda ya saya ranar Alhamis ya wayi gari ranar Litinin rabin dukiyarsa ya tafi. Ina ya tafi? Aljihun wanda ya sayar masa. Maƙwabcinsa a wannan teku, kamfanin Rockhopper, shi ya samu man gaske a watan Mayu na shekarar, amma aka haura shekara goma ba a sayar da ganga ɗaya daga wurin ba. Ko manya ba su tsira ba: Shell ya sanar da samun mai a tekun Namibiya a 2022, sannan a farkon 2025 ya ce man ba zai fitu da riba ba a halin da ake ciki, ya share kimanin dala miliyan 400 daga lissafinsa. Shell yana da ƙarfin haɗiye wannan asara. Kai fa?

Mafi girman darasi yana Birazil. Attajirin nan Eike Batista ya kafa kamfanin neman mai a teku mai suna OGX, ya kai shi kasuwa a 2008 tun bai fitar da ko ɗigo ba, jama'a suka zuba biliyoyin daloli a kan alkawari. Ya kuma kafa wani kamfanin, OSX, domin ƙera jirage da bayar da hayarsu ga na farkon. A 2012 ana lissafa shi cikin mutum goma mafi dukiya a duniya. A tsakiyar shekarar aka bayyana cewa rijiyoyin suna bayar da ƙasa ƙwarai da abin da aka yi wa mutane romon baka da shi. A watan Oktoba 2013 OGX ya nemi kotu ta kāre shi daga masu bin sa bashi, bayan ƴan kwanaki OSX ya bi sahu. Daga baya kotu ta same shi da laifin sayar da nasa hannun jarin alhali yana riƙe da labarin da sauran mutane ba su da shi. Ka lura da wannan da kyau. Mai gida ya san rijiya ta ƙafe ya fice ta bayan gida, baƙi suna ta turereniya a bakin ƙofa.

Wannan labari kaɗai ya isa amsa ga mai cewa kamfanin jirage ba ya faɗuwa. Jirgin hidima yana cin abinci ne muddin ana haƙa. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 110, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Manyan kamfanoni suka dakatar da haƙa, jirage suka yi jerin gwano a tasha ba aiki, bashin da aka ƙera su da shi kuwa bai daina haihuwa ba. Tidewater na Amurka ya shiga kotun karyewa a 2017. Seadrill mai injinan haƙa ya shiga a 2017, ya sake shiga a 2021. Bourbon na Faransa, wanda jiragensa suka daɗe suna aiki a tekun Najeriya da Angola, ya durƙushe a 2019 da bashin da ya haura yuro biliyan 2, bankunan da ke bin sa suka karɓe jiragen, masu hannun jari suka tashi hannu rabbana. Haka doka take a can: mai bin bashi ake fara biya, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, sau da yawa kafin a zo kansa tukunya ta bushe.

A nan kuma mas'alar ta zama ta fiƙihu kai tsaye. Waɗannan kamfanoni na jirage da injina galibi a kan bashin kuɗin ruwa suke tsaye. Malaman zamani da suka yi rangwame ma sun sa iyaka. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Baharain ya ce bashin kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma wannan kason sai an fitar da shi. Wasu malamai ba su yarda da ko wannan rangwamen ba. To, wanda ya rubuta maka halal a ƙasan saƙo, ya buɗe lissafin kamfanin ya auna? Tambaye shi nawa ne bashin kamfanin. Idan ya yi shiru, ka san fatawar tasa ta ƙawata talla ce.

Na san abin da za ka ce: Malam, ai kowane ciniki yana da hatsari, mai albasar Galmi ma yakan yi lodi ta ruɓe kafin Abijan. Gaskiya ne, kuma Shari'a ba ta hana hatsarin fatauci ba. Amma mai albasa ya ga buhunsa, ya san nauyinsa, ya ɗauke shi daga inda yake da yawa zuwa inda ake buƙata, manomi ya samu, direba ya samu, mai miya ta samu. Kai da ka sayi hannun jari mako ɗaya kafin sakamakon rijiya, da niyyar sayarwa washegarin sanarwa, me ka kai wa wa? Ba ka nufin zama abokin tarayya, ba ka jiran rabon riba, domin ka san babu ita. Ka ɗora kuɗinka ne a kan abu ɗaya cikin biyu da ba ka da iko ko ilimi a kansa, mai ko ruwa. Idan ka ci, wani ne ya rasa. Ba na cewa takardar kanta haram ce a kowane hali, domin kamfanin yana da izini da kayan aiki, kuma mai ilimin sana'ar da ya zuba rarar dukiyarsa ya yi haƙuri shekaru hukuncinsa dabam. Ina magana ne kan aikinka da niyyarka, kuma su sun fi kama da abin da Allah ya haɗa da giya ya hana a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Hani ga cinikin garari ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim. Kai da ka yi karatun zaure ka tuna Risala ta hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin ciki. Kifin kogi ma masunci yakan ga motsinsa. Wannan kuwa yana ƙarƙashin ruwa, ƙarƙashin ruwan kuma akwai dutse mai nisan kilomitoci.

Abin ma ya fi haka muni, domin da yawa daga manhajojin da ake tallatawa ba hannun jari suke sayar maka ba sam. Yarjejeniya ce a kan bambancin farashi kawai: idan ya hau su biya ka, idan ya sauka ka biya su, sunanka bai shiga rajistar kowane kamfani ba. Sannan su ce sun ranta maka ninki goma na kuɗinka. Ka sa jika 100, ka yi wasa da miliyan guda. Farashi ya sauka da kashi 10 cikin 100 kacal, jika ɗarinka ta ƙare ƙurmus, kuma kowane dare da cinikin ya kwana suna cire kuɗin ruwa. Zaman Jidda da na ambata ya hana sayen hannun jari da rancen kuɗin ruwa, ya hana sayar da wanda ba ka mallaka ba. A nan babu wani saɓani da za ka fake a bayansa. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba kamfani ba kasuwa, lambobi ne kawai suke rubuta maka a fuskar waya har ranar da ka nemi cire kuɗinka. Ka sani, kasuwar hannun jari ta yankinmu, BRVM, tana Abijan, ana shigarta ta hannun dillalai masu izinin hukumar AMF-UMOA, kuma kamfanonin neman man teku da ake yi maka talla ba a can suke ba, suna Landan da Oslo da Toronto da New York. Idan an cuce ka, wace kotu za ka je daga Maraɗi ko Tawa?

Wasu suna jawo man ƙasarmu cikin maganar domin su sa abin ya yi kama da na gida. Hakika man Agadem yana bin bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin, kuma an fara loda shi a jirgi a 2024. Amma wannan man tudu ne, ba shi da alaƙa da takardar da suke sayar maka. Jirgin da ya ɗauki man Nijar bai mayar da kai mai rabo a cikin kowane jirgi ba.

Yanzu gare ka, kai mai turawa. Kana cewa kai dai ka isar ne, kowa da hankalinsa. A'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya zuga farashin kaya domin wani ya ruɗu ya saya. Wanda ya riga ya saya sannan ya cika wayoyin mutane da yabon kamfani domin farashi ya tashi ya sayar musu, wane suna za a ba aikinsa? Wanda ake ba lada a kan kowane mutum da ya jawo, ya ɓoye wannan ya zo da siffar mai nasiha, shi kuma fa? Mutane sun amince maka ne saboda sun gan ka a masallaci. Da wannan amanar kake farauta. Idan ka taɓa turawa, koma inda ka tura ka warware da bakinka, ka faɗi abin da ka ɓoye.

Mafi tsananin abin tsoro shi ne kuɗin da ba naka ba: dukiyar marayu da ke hannunka, kuɗin adashin da aka ba ka ajiya, jarin matarka, asusun masallaci, kuɗin kayan da ka ɗauka bashi a kasuwa. Mai riƙon amana idan ya yi ta'adi ya lamunce, ko da niyyarsa ya ninka ya mayar. Asarar tana wuyansa shi kaɗai, ba ya da ikon cewa ƙaddara ce ta faɗa wa kowa.

Wanda ya riga ya shiga, ya duba wane iri ne a hannunsa. Idan yarjejeniyar bambancin farashi ce ko mai rancen ruwa, ya rufe ta yau, ya ɗauki uwar kuɗinsa idan ta saura, abin da ya hau kai ya fitar da shi ga mabuƙata ko wata maslahar jama'a ba da niyyar sadaka ba, ya tuba. Idan hannun jari ne na gaske a kamfanin da ya cika sharuɗɗa, kuma ya saya domin ya sayar, to kayan fatauci ne: idan ya kai nisabi, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinsa, shekara ta kewayo, zai fitar da kashi 2.5 cikin 100 na farashinsa na ranar, wato jika 25 a kowane miliyan. Mai saye da sayarwa a kai a kai haka zai yi kowace shekara. Wanda ya ajiye yana dakon tashin kasuwa, Malikiyya suna da tafsili a kansa, ya je ya zauna gaban malamin da ya san babin zakka da takardunsa a hannu.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.