Mariƙin ƙofa ma yana da hannu a jinya

Duk wanda ya taɓa rakiyar maras lafiya daga Banifandu zuwa babban asibitin ƙasa ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi ya san yawan ƙofofin da ake turawa kafin a kai ga gado. Lokotoro ya kama mariƙin ƙofar, mai shara ya kama, mai jinya ya kama, ƴan dubiya su zo ayari guda su kama. Daga asuba zuwa dare hannu nawa ne? Kowane hannu kuwa yana ajiye abin da ya zo da shi, ya ɗauki abin da ya tarar.

Maganar ba ƙarama ba ce. A rahotonta na shekarar 2022, hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe irin namu, suna kamuwa da wata cuta a cikin asibitin kansa, kuma ɗaya cikin 10 na waɗanda suka kamu yana rasa ransa. Mutum ya zo da karaya, ya koma gida da gyambo, ko kuwa bai koma ba.

To, ashe ƙarfen da ake ƙera mariƙin da shi yana da ta cewa. A kan inokis da roba, waɗanda muke so saboda ƙyalli, ƙwayoyin cuta suna iya kwanaki da ransu. A kan jan ƙarfe da tagulla kuwa ba su daɗewa. Jan ƙarfe yana sakin wani ɓurɓushi da ido ba ya gani, ya huda jikin ƙwayar, ya lalata abin da take hayayyafa da shi. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da cewa irin waɗannan ƙarafa suna kashe fiye da kashi 99 cikin 100 na wasu ƙwayoyin cuta cikin awa 2. A 2020, shekarar da korona ta shigo Yamai, masana sun gwada ƙwayarta: bayan awa 4 ba a same ta da rai a kan jan ƙarfe ba, alhali a kan inokis da roba ta kai kwana 3.

An kuma gwada a ɗakunan jinya. A Faransa, asibitin garin Rambuye ya sa mariƙai da famfuna na tagulla a 2011. A Amurka, binciken da aka yi a asibitoci 3, aka bayyana a 2013, ya nuna ragin kashi 58 cikin 100 na kamuwa da cuta a ɗakunan masu tsananin ciwo. Binciken da suka biyo baya ba duka suka sami ragi mai yawan haka ba, amma a kan cewa ƙwayoyin suna raguwa a jikin ƙarfen, bakin masana ya zo ɗaya.

Wannan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Lokacin da matafiyi Ibn Batuta ya sauka Takadda a 1353, wadda masu tarihi suke dangantawa da kufan Azelik a jihar Agadas, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana kai shi Gobir da Barno. Abin da kakanninmu suka yi fatauci da shi, yau shi ne ake yi wa kallon sabon ilimi.

Abin da ya sa ya dace da mu shi ne, ba ya neman wuta, ba ya neman ruwa, ba ya zuwa hutu. Ran da famfo ya ɗauke, ran da sabulu ya ƙare, yana nan yana aikinsa. Sai dai a yi hattara: awa 2 lokaci ne mai tsawo ga ƙofar da ake turawa kowane minti. Saboda haka wanke hannu da ruwa da sabulu shi ne uba, mariƙin tagulla ɗan rakiya ne. Wanda ya sa shi ya daina wanke hannu da goge ƙofa, ya sayi tsada ya sayi cuta.

Ga ƴan kasuwarmu, musamman masu kayan gini na Katako da Babbar Kasuwa, akwai amana a nan. Da yawa daga mariƙan da suke ƙyalli kamar zinariya ruwan tagulla ne kawai aka shafa wa wani ƙarfe, wasu kuma an lulluɓe su da man ƙyalli wanda yake raba ƙarfen da hannu. Irin waɗannan ba abin dogaro ba ne. Na gaskiya shi ne wanda jan ƙarfen cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100, ba fenti, ba shafe, kuma ko an goga shi da magagari launinsa ɗaya ne ciki da waje. Yana dushewa da daɗewa, amma dushewar ba ta hana shi aiki. Araha dai ba ta ado.

Ga ma'aikatan da suke rubuta sharuɗɗan kwangilar gina asibitoci da gyaransu, layi ɗaya ya isa: a faɗi irin ƙarfen, a kuma duba shi ranar karɓar aiki. Ba sai an canja ƙofofin ƙasa duka ba. A fara da ɗakin haihuwa, ɗakin jarirai, ɗakin tiyata da makewayi. A ɗaure su da ƙusoshin da ba su kwantuwa da sauƙi, domin tagulla tana da kasuwa wajen masu sayen tsohon ƙarfe.

Su ma attajiran Banifandu da suke neman inda za su ajiye sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe. Su zauna da shugaban asibitin unguwa da kwamitinsa, a ƙirga ƙofofi, a sa buta da sabulu kusa da kowace, a canja mariƙan da aka fi kamawa. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi sauƙin kuɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.