INA ZA MU KAI ƘANANAN YARANMU? MAGANA GA RASSAN BAKIN KOMADUGU

Watan Oktoba ya gabato, lakwal za ta buɗe. Ran kasuwa wani manomin tattasai ya tare ni a Difa, ya ce, "Mushe, 'yata ta cika shekara 4. In kai ta makarantar ƙananan yara ta gwamnati, ko kuwa ta kuɗi, inda ake rera Faransanci tun da safe?" Amsar da na ba shi ita zan ba ku, don a karanta wa jama'a a taron reshe.

Na ce masa ta gwamnati. Dokar ilimi ta 1998 ta sa karatun ƙananan yara cikin ilimin da ƙasa ke tsarawa, kuma da harajin talaka ake biyan malamai. Wanda ya biya haraji kuma ya biya kuɗin lakwal ya sayi akuyarsa sau biyu. Lokacin da muka karɓi mulkin kai a 1960, ko yaro 5 cikin 100 ba ya zuwa lakwal, don Nasara magatakarda yake nema, ba al'umma mai ilimi ba. Abin da aka hana kakanninmu, ba mu bar shi ya koma hannun masu kuɗi kaɗai ba.

Amma fa kada ka kai yarinya ido rufe. Ka tafi da ƙafarka, ka fara duban rufi.  A watan Afrilu 2021 wuta ta kama ajujuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka mutu, da yawansu 'yan ƙanana. A watan Nuwamba na shekarar, aka sake a Maraɗi, aka rasa yara 25 ko fiye. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƙananan yara cikin ajin zana. To, doka tana takarda, iskar hunturu tana Difa. In ka ga zana, ko ɗaki mai ƙofa ɗaya tak, kada ka yi shiru don kunyar darakta. Yaro ɗan shekara 4 bai san hanyar gudu ba.

Sai ka tsaya bakin taga ka saurara. Da wane harshe malama ke yi wa yara magana? A lakwal ta Nasara, yaron da ya yi harshen uwarsa rataya masa "sambol" ake yi, ya sha bulala. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. Madalla. Amma in faɗi gaskiya ko da ba daɗi: a nan, yara da yawa Barbarci suka sha a nono, wasu Fulatanci, wasu Tubanci. In muka tsorata ɗan Mobar da Hausa kamar yadda aka tsorata iyayenmu da Faransanci, bulala ce ta sake hannu kawai. Ni na ga yaran da suka iso ajina da waƙar Faransanci a baki, ba su san ma'anar kalma guda ba.

Nisa kuma, ku zaɓi ta kusa. Komadugu ta yi ambaliya a 2019 da 2022, ta cinye unguwanni da gonaki.

Saura 'ya'yan 'yan gudun hijira. Tun harin Boso da Difa a watan Fabrairu 2015, dubban iyalai suka bar bakin kogi suka zauna gefen babban titi. Yaransu namu ne. Wanda ba shi da takardar haihuwa, a raka uwarsa ma'aikatar magajin gari.

Magatakardan kowane reshe, daga Maine-Sorowa zuwa Ngigmi, ya ɗauki mata biyu su zaga makarantun garinsu kafin a buɗe. Su rubuto mana irin rufin, yawan ƙofofi, ko akwai ruwan sha da makewayi, da harshen da malama ke ji.