Ilmin Yaro Gaban Alƙali

Tun a 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɓullo da shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, ake gaya wa talaka cewa karatun ɗansa ba sai ya sa hannu a aljihu ba. An sake maimaita alkawarin a Sakkwato cikin 1999 da sunan UBE. To, amma alkawari daban, hakkin da mutum zai kai ƙara a kansa daban, kuma a nan ne aka daɗe ana yi wa yaran Nijeriya rufa ido.

Sashi na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta ba da ilmi kyauta, amma fa sai lokacin da hali ya yi. Bugu da ƙari, an ajiye wannan sashi cikin Babi na Biyu, wanda Tsarin Mulkin da kansa ya hana kotu sauraron ƙara a kansa. Ke nan an ba yaro da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Dokar Hakkin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma ilmin farko hakkinsa ne. Sai dai kowace jiha sai da ta yi tata kafin dokar ta yi aiki a cikinta, wasu kuwa suka yi ta jan ƙafa. Ta Kano ba a sa mata hannu ba sai a 2023.

Wadda ta fi ban mamaki ita ce Dokar UBE ta 2004. Ta wajabta karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karo na farko a tsawata masa, na biyu tarar N2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan haka kuma N5,000 ko wata biyu. Madalla. Amma ina hukuncin jihar da ta bar aji ba rufi, ba benci, ba malami? Dokar ta keɓe kashi biyu cikin ɗari na babban asusun Tarayya don wannan aiki, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabon daidai wa daida kafin ta karɓa. Jihohi da dama sun sha barin kuɗin nan yana kwance a Abuja shekara da shekaru, yara kuwa suna zaune a ƙasa. Uba ana iya kai shi gaban majistare. Gwamna kuwa wa ya isa?

Masu fafutuka ne suka fara huda wannan katanga. Ƙungiyar SERAP ta kai Nijeriya Kotun ECOWAS, kotun kuwa ta yanke a 2010 cewa ilmi hakkin kowane yaro ne, kuma ɓatan kuɗin ilmi ba hujja ba ce ta barin yara a gida. A 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, cikin ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar, ya ce tun da Majalisar Tarayya ta kafa dokar 2004, batun ya tashi daga fata nagari ya zama wajibin da kotu za ta iya tilasta shi.

Samari da 'yan mata ma ba su naɗe hannu ba. Gangamin da suka yi ta yi a majalisun jihohi da ta Tarayya shi ya kai ga gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, aka rage shekarun takarar Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. A waɗannan majalisun jihohin ne ake zartar da kasafin kuɗin makarantu, saboda haka ɗan shekara 25 da ya yi karatu a ajin da ba rufi yana da ikon neman kujera inda ake raba kuɗin kwano da ƙusa.