Abokin Motsa Jiki da Ba Ya Gumi

Mai fama da ƙiba ya daɗe da sanin amfanin motsa jiki: likita ya faɗa masa, gwiwoyinsa ma sun faɗa. Ɗorewa ce ke gagarar sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, tana kuma ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Da yawa sukan fara da zafi, sati bai zagayo ba sun ajiye.

A shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya gwada 'yan tseren kwalekwale a birnin Balin. Ya sa su ɗaga nauyi, wani lokaci ɗaiɗai, wani lokaci bibbiyu, ta yadda in ɗaya ya saki aikin ya tsaya. Sai ya ga mai rauni yana ƙara jurewa idan abokinsa ya ɗan fi shi, don kada a ce shi ya kayar da tafiyar. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga gayya a gonakin Maraɗi ko Damagaram ya san yadda saurayi ke matse gajiya, ganga na tashi, don kada kuyyarsa ta zama ta ƙarshe.

A Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Deborah Feltz da abokan aikinta sun maido da gwajin kan allon kwamfuta, suka tarar abokin da ake gani a allo ma yana sa mutum ya ƙara daɗewa, ko da yake wanda na'ura ta zana bai kai wanda aka ɗauka ɗan Adam ne tasiri ba.

Muna ganin a nan ne masu ƙiba za su amfana, musamman mata. Uwar 'ya'ya biyar da za a bi da ido da habaici in ta fito sassarfa a unguwa tana iya rufe ɗakinta ta yi da abokiyar waya, wadda ba ta dariya, ba ta kai labari gidan biki. Wannan ba ƙaramar sutura ba ce a wurin da har yanzu ake kiran teɓa alamar hutu, a kuma yi wa mai neman rage ta ba'a.

Sai dai sharuɗɗan Köhler biyu ne, kuma yawancin bidiyon da ke yawo a wayoyinmu sun zubar da su. Ana nuno mana gwanaye masu jikin 'yan kokawa, tazarar da ke kashe gwiwa tun kafin a fara. Kuma gwanin ba ya jiran kowa; ko ka kashe waya, ba abin da ya rasa. Shi ya sa muka fi karkata ga ƙawa ta gaske a WhatsApp, wadda ta ɗan fi ki juriya, kuka kuma yi alƙawarin haɗa mintocinku kowace Juma'a. In kin yi fashi, lissafinta ne zai ragu, kuma da yamma za ta kira ta ji dalili.